Yadda Ake Gina Na'urar Ƙirga Lamba Mai Allon Fitilu a Minecraft

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai yana kallon lambobi suna juyawa a jikin famfo, ko ya ɗaga kai ya duba agogon masallaci mai nuna lokutan salla, ya san irin rubutun da nake nufi. Sanduna bakwai ne kawai, wasu su kunnu wasu su mutu, sai ka ga 3 ko 7 ta fito. Irin wannan allon za mu gina a wasan Minecraft da garin redstone, wato jan garin da ke ɗaukar wuta kamar wayar lantarki, mu haɗa shi da maɓalli: danna ɗaya, lamba ta ƙaru da ɗaya, daga 0 har 9, sannan ta koma 0 da kanta.

Akwai hanyoyi da yawa na yin wannan aiki. Na zaɓi wadda ba fistin (bulon da ke tura wani bulo) ko ɗaya a cikinta, domin fistin ba halinsu ɗaya ba tsakanin Java ta kwamfuta da Bedrock ta waya, kuma yawancinmu a waya muke wasa. Abin da ya fi burge ni da wannan hanya shi ne lambar tana da jiki. Takobin katako ɗaya ne ke yawo a cikin zobe mai ɗakuna goma, ɗakin da yake ciki shi ne lambar. Idan abu ya rikice, buɗe ɗakunan za ka yi ka ga inda takobin ya maƙale, ba sai ka zauna kana tunanin lissafin sifili da ɗaya ba.

Kayan aiki da halayensu

Ka buɗe sabuwar duniya shimfiɗaɗɗiya a yanayin Creative, inda kaya ba sa ƙarewa. A cikin jerin kaya ka nemo Dropper guda 10, Hopper guda 10, Redstone Comparator guda 10, Redstone Repeater kamar 40, Redstone Torch kamar 60, Redstone Lamp guda 21, maɓallin dutse, garin redstone mai yawa, baƙin kankare, da ulu kala bakwai. Daga nan zan riƙa kiransu dirofa, mazurari, kwamfareta, rifita, tocila da fitila. Ka kula kada ka ɗauko Dispenser a madadin dirofa. Kamarsu ɗaya in ba ka lura da fuskar ba, amma shi jefar da takobin zai yi waje maimakon ya saka shi a mazurari.

Mai son yi a yanayin Survival, inda sai mutum ya nemo kaya da kansa, ya shirya ƙarfe 50 don mazurarai kaɗai, tun da kowane yana cin ƙarfe biyar da akwati ɗaya, ga kuma tafiya Nether, wata duniya ta daban a cikin wasan, neman farin dutsen kwamfareta da glowstone na fitilu. Shawarata ka fara gwadawa a Creative tukuna.

Halaye huɗu ne ginin ya dogara a kansu. Wuta tana fita da ƙarfi 15, kowane taku a kan gari ta ragu da ɗaya, rifita kuma ya maido ta 15 amma ta gaba kawai yake turawa. Tocila tana mutuwa idan bulon da take jikinsa ya samu wuta, ta kunnu idan wutar ta ɗauke. Dirofa sau ɗaya yake tofar da kaya a lokacin da wuta ta zo, ko da za ta daɗe a kansa ba zai ƙara ba. Shi kuwa mazurari akasin haka ne: wuta kulle shi take yi, yana karɓar abin da aka saka masa amma ba ya miƙawa gaba sai ta ɗauke. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ke hana takobin tsallake ɗaki.

Ka san gabas da yamma kafin ka ajiye bulo na farko. Rana daga gabas take fitowa a wasan, kamar yadda muka sani.

Mataki na 1: zoben

Ka gina dandali mai tsayin bulo biyu daga ƙasa, faɗinsa daga yamma zuwa gabas 16, daga arewa zuwa kudu 26. A kansa zoben zai zauna, wato a hawa na uku. Dalilin ɗagawar zai bayyana a mataki na 3, don haka kada ka tsallake ta.

A tsakiyar dandalin ka ware layi biyu manne da juna, na arewa da na kudu, kowane gurbi goma, ka bar gurbi uku ta yamma don maɓalli. Ka ƙirga gurabun daga yamma, 1 zuwa 10.

A layin arewa dirofa za su zauna a gurbi na 1, 3, 5, 7 da 9, dukansu suna kallon gabas. Su ne lambobi 0, 1, 2, 3, 4. Dirofa yana juyo da fuskarsa wajen wanda ya ajiye shi, saboda haka ta gabas za ka tsaya kana kallon yamma. A layin kudu sai ka juya: gurbi na 10, 8, 6, 4 da 2, dukansu suna kallon yamma. Su ne 5, 6, 7, 8, 9. Ka kafa ɗan allon rubutu na wucin gadi ko ka rubuta a takarda, domin in an jima za ka manta wane ne wane.

Sauran gurabu goma na mazurarai ne, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Bakin mazurari yana karkata ne zuwa bulon da ka taɓa lokacin ajiyewa. Sai ka duƙa, ka taɓa bayan dirofan da ke gaba, ba wanda ke baya ba. In ba ka duƙa ba, buɗe dirofan kawai za ka yi. Biyu ne ke kan kwana: na gurbi na 10 a arewa bakinsa kudu zai kalla, ya shiga dirofan 5, na gurbi na 1 a kudu kuma arewa zai kalla, ya shiga dirofan 0. Ka sunkuya ka duba bakin kowane ɗaya. Wanda bakinsa ya kalli ƙasa ka fasa shi ka sake.

Yanzu ka duƙa ka zuba gari a saman duk bulo 20 ɗin, har kan mazurarai, ya zama kamar an shimfiɗa jar tabarma. Ta yamma da dirofan 0 ka ajiye bulo ɗaya, ka ɗora rifita a kansa yana kallon gabas, daidai tsayin tabarmar. Bayan rifitan ka sa wani bulo ka manna maɓallin dutse a jikinsa. Na dutse daƙiƙa ɗaya yake riƙe wuta, na katako ɗaya da rabi, shi ya sa na fi son na dutse.

Ka saka takobin katako ɗaya tal a dirofan 0, ka danna. Abin da ke faruwa ke nan: wuta ta mamaye tabarma, duk dirofa goma suka motsa, amma ɗaya ne mai kaya, sai ya tura takobin cikin mazurarin gabansa. Mazurarin a kulle yake saboda wutar, don haka takobin ya jira. Maɓalli na tashi, kulle ya buɗe, takobi ya shiga dirofan 1. Ka danna sau goma kana bin sa ɗaki-ɗaki har ya dawo gida. Kada ka matsa gaba sai ya zagaya lafiya sau biyu. Duk ɓarakar da ka bari a nan, in allo ya hau sai ta zame maka ciwon kai, don ba za ka san daga ina take ba.

Mataki na 2: fitar da layuka goma

A gefen kowane dirofa ta waje ka ajiye kwamfareta a kan dandali, bayansa manne da dirofan, gabansa yana kallon waje: na arewa su kalli arewa, na kudu su kalli kudu. Kwamfareta yana leƙa cikin ma'aji ya ba da wuta gwargwadon cikarsa. Takobi ɗaya a dirofa mai gurbi tara ƙarfi 2 kawai yake bayarwa, wanda ba zai kai ko'ina ba, don haka ka bi kowane da rifita nan take.

Bayan rifita sai gari, kuma duk layukan gabas za su nufa, kowane ya yi kwana a nasa wurin. Layin 4 ya juya gabas a taku na uku daga zobe, wato garinsa na farko. Layin 3 ya ƙara biyu ya juya a taku na biyar, layin 2 a na bakwai, layin 1 a na tara, layin 0 a na goma sha ɗaya. Ta kudu ma haka: 5 a na uku, 6 a na biyar, har 9 a na goma sha ɗaya. Idan ka tashi sama ka duba, za ka ga layuka goma a jere daga arewa zuwa kudu, 0 zuwa 9, babu wanda ya haye wani. Wannan tsarin ne ya sa na shirya zoben haka tun farko. Layukan 0, 1, 8 da 9 sun yi tsawo, ka saka wa kowane rifita ɗaya a tsakiyar hanya.

Dukansu su tsaya a gurbi na 12. A na 13 ka ajiye bulo a gaban kowane layi yadda garin zai cake shi, ka manna tocila a jikinsa ta gabas. Ka juyar da saƙon ke nan: tociloli tara za su kasance a kunne, ɗaya tak a mace, ta lambar da takobi yake ciki. Ka danna ka ga duhun yana tafiya daga layi zuwa layi.

Mataki na 3: inda ake koya wa na'ura rubutu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ya fi daɗi. Daga gaban kowace tocila ka miƙa gada zuwa gabas, tsawon bulo 14, a hawa na biyu, ƙarƙashinta fayau ba komai. Ka zuba gari a kanta duka. Goma sha huɗu ba zaɓin banza ba ne, iyakar abin da wutar tocila za ta kai ke nan da ɗan saura, ba tare da rifita ba.

A ƙasa, a kan ciyawa, ka ja layuka bakwai na gari daga arewa zuwa kudu, suna ratsa ƙarƙashin gadojin goma: ƙarƙashin bulo na 1, 3, 5, 7, 9, 11 da 13. Kowane layi na sanda ɗaya ne a jikin allo. Masu harkar lantarki sun saba kiran sandunan da haruffa: a ta sama, b dama ta sama, c dama ta ƙasa, d ta ƙasa, e hagu ta ƙasa, f hagu ta sama, g ta tsakiya. Ba dole ne ka jera su bisa haruffa ba. Ni daga yamma zuwa gabas nake jera su e, f, d, g, a, b, c, saboda na hagu su faɗo ta hagun allo, na dama ta dama. Ka cire ciyawar da ke ƙarƙashin kowane layi ka maye ta da ulu mai kalarsa. Yanzu kamar ɓata lokaci ne, amma lokacin hawa bayan allo za ka gode wa kanka.

Sai tociloli. Duk inda gadar lamba ta haye layin sandar da take bukata, ka manna tocila a jikin bulon gadar ta kudu, ta rataya daidai saman garin ƙasa. Muddin gadar na da wuta, tocilolinta a mace suke. Da zarar takobi ya shiga ɗakinta, gada ta yi duhu, tocilolinta su tashi su zuba wuta a layukan ƙasa. Ga rabon kowace:

0: a, b, c, d, e, f
1: b, c
2: a, b, d, e, g
3: a, b, c, d, g
4: b, c, f, g
5: a, c, d, f, g
6: a, c, d, e, f, g
7: a, b, c
8: duka bakwai
9: a, b, c, d, f, g

Jimilla tociloli 49. Ka ƙirga naka, in sun kai 48 ko 50 akwai inda ka zame. Wata hanyar dubawa ita ce bin layukan ƙasa: c ya kamata ya samu tara, don 2 ce kaɗai ba ta amfani da shi, e kuma huɗu kacal, na 0, 2, 6 da 8.

Layukan ƙasa sun haura taku 20, saboda haka kowane yana son rifita biyu masu kallon kudu. Ɗaya a faffaɗan filin da ke tsakanin gadar 4 da ta 5, ɗaya kuma da ka wuce gadar 9. Kada rifita ya faɗo ƙarƙashin tocila, domin ta baya kawai yake karɓar wuta, ta sama ba ya ji.

Wanda ke ƙirga kayansa a Survival zai iya juya abin: ya sa tocila inda sanda za ta mutu, 21 ke nan maimakon 49, sannan ya juyar da kowane layi da tocila ɗaya a ƙarshe. Yana aiki, sai dai duk lokacin da takobi ke kan hanya allon 8 zai nuna maimakon duhu. Ni na fi son duhun.

Mataki na 4: allon

Ka matsa kudu kamar taku goma sha biyu ka gina bango mai kallon kudu. Lambar faɗinta 5, tsayinta 9. Kowace sanda fitila uku ce: d a kwance a ƙasa, e da c a tsaye a gefe, g a kwance a tsakiya, f da b a tsaye, a a kwance a sama. Kusurwoyi shida da cikin lambar ka cike da baƙin kankare, ka ƙara masa baki ko'ina don hasken ya fito sosai.

Ba sai ka kai waya ga kowace fitila ba. Rifita ɗaya ka sa a bayan ta tsakiya yana cake ta. Fitila bulo ce mai ɗaukar wuta, in rifita ya buga ta sai ta kunna maƙwabtanta biyu, su kuma ba sa miƙa wa kowa. Rifita bakwai ke nan: a tsakiyar bango d a tsayi na 1, g a na 5, a a na 9, ta yamma e a na 3 da f a na 7, ta gabas c a na 3 da b a na 7. A nan ka yi hattara. Kana tsaye a baya, damar mai kallo ita ce hagunka. Na taɓa gama komai na zagayo gaba da murna, sai na tarar 2 ta koma 5, 3 kuma ta juya baya, duk don wannan. Ka riƙe gabas da yamma, ka manta da dama da hagu.

Ka kai layukan ɗaya bayan ɗaya, ka fara da d da ke ƙasa ka ƙare da a. Kowane ya hau matakala da ulun kalarsa, bulo ɗaya gaba bulo ɗaya sama, har ya kai tsayinsa, sannan ya karkata zuwa rifitansa. Kada ka bar bulo a saman garin da ke ƙasan matakala, yanke hanyar yake yi. Kada kuma kala biyu su yi kafaɗa da kafaɗa. Duk taku goma sha biyu zuwa sha huɗu ka ƙara rifita a wuri mai lebur. Kana gama layi, ka dasa tocila a gindinsa ka zagaya gaba ka tabbatar sandarsa kaɗai ta kama, sannan ka cire ta.

In bakwai ɗin sun kammala, ka mayar da takobi dirofan 0, ka jawo wayar maɓalli zuwa gaban allo in kana so, ka danna. Allon zai yi duhu na ɗan lokaci kafin sabuwar lamba ta fito, domin takobin yana cikin mazurari, ba kwamfaretan da ke ganinsa.

In wata lamba ta fito da sanda fiye da nata, tocila ce ta zauna a mahaɗar da ba tata ba, ko kuwa layuka biyu sun taɓa juna a matakala. In sanda ɗaya ta ƙi kamawa a ƙananan lambobi amma tana kamawa a 8 da 9, rifitan tsakiyar layinta ne ke kallon arewa. In wata lamba ta liƙe ba ta gushewa, wuta ba ta isa gadarta ba. In lambobi biyu suka hau kan juna, ka duba ko takobi biyu ne a zobe.

Mataki na 5: gomiya, da abin da zai danna maka

Don ƙirga har 99 sai ka sake gina irin wannan duka, allonsa ya zauna ta yamma da na farko. Abin tambaya shi ne me zai danna na biyun. Kada ka ɗauko wuta daga layin 0, kodayake shi ne abin da zuciya ke fara rayawa. Layin yana kunne muddin 0 na kan allo, sai ya kulle mazuraran gomiya, ka ga 10 ta fito ba 1 ɗinta.

Mazurarin da ke tsakanin 9 da 0 shi ne amsar, wato na gurbi na 1 a layin kudu. Takobi sau ɗaya yake bi ta cikinsa a kowane zagaye, kuma ba ya daɗewa. Ka sa kwamfareta ta yammacinsa yana kallon yamma, ka bi shi da rifita, ka ja gari har rifitan tabarmar zobe na biyu. Duk lokacin da 9 ta juya 0, gomiya ta ƙaru da ɗaya. Ɗaruruwa ma haka za ka ɗauko su daga zoben gomiya.

Maɓalli kuma ana iya maye shi da farantin taku a bakin ƙofa don ƙirga masu shiga, ko bulon saiti na harbin kibiya, ko na'urar jin hasken rana don ƙirga kwanaki. Matsalarsu ɗaya: wutarsu tana iya daɗewa, ta hasken rana ma yini guda take yi, allon kuwa duhu zai zauna har ta ɗauke. Sai ka gajarta ta. Ka raba wayar biyu, reshe ɗaya ya shiga bayan wani kwamfareta kai tsaye, ɗayan ya zagaya ta cikin rifita ya cake gefensa. Ka taɓa kwamfaretan sau ɗaya ƙaramar tocilar gabansa ta kunnu, ya koma yanayin ragewa ke nan. Ka taɓa rifitan sau biyu jinkirinsa ya zama tik uku, kowane tik kuwa kashi ɗaya ne cikin goma na daƙiƙa. Wuta za ta wuce na tik ukun nan, sannan ta gefe ta iso da 15 ta shafe ta. Ko da maɓallin ne ka bari, wannan ɗan ƙarin zai rage duhun allo sosai. Amma mazurari tik huɗu yake ɗauka kafin ya miƙa kaya, don haka duk dannawar da ta riski takobi a kan hanya ba za ta shiga lissafi ba. In a ƙofar da jama'a ke turuwa za ka sa farantin, ka matse ƙofar ta zama ta mutum ɗaya.